Kishiyar Zarra: Ina Ɗaya Rabin Ya Shiga?

A ranar 2 ga Agusta, 1932, wani matashin mai bincike a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, Carl Anderson, ya ɗauki wani hoto a ɗakin gwaji. Shekarunsa 26 a lokacin. Na'urarsa akwati ne mai cike da tururi, an girke shi a cikin wani ƙaton maganaɗisu, an kuma gitta farantin dalma mai kaurin milimita 6 a tsakiyarsa. Duk ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki, in ta ratsa tururin, sai ta bar siririn layi a bayanta, maganaɗisun kuma ya lanƙwasa layin hagu ko dama, gwargwadon irin cajinta. Sawun ƙwayoyin da ke zubowa duniya daga sararin samaniya yake bi.

Layi ɗaya ne ya ɗauki hankalinsa. A ƙasan farantin lanƙwasarsa kaɗan ce, a sama kuwa ya fi tanƙwaruwa, alamar cewa ƙwayar daga ƙasa ta taso, gudunta ya ragu bayan ta huda dalmar. Da aka san inda ta dosa, sai ɓangaren da ta karkata ya nuna cajinta fozitif ne. A zamanin, furoton kaɗai aka sani da irin wannan caji, amma furoton mai irin wannan lanƙwasa ba zai yi nisa ba zai tsaya, wannan layi kuwa ya zarce. Nauyin ƙwayar na elektiron ne, cajinta kuwa akasin nasa. Ita ce aka raɗa wa suna fozitiron, ƙwaya ta farko da ɗan'adam ya gani daga cikin abin da masana ke kira antimata, wato kishiyar zarra.

Abin mamakin shi ne, alƙalami ya riga ido ganinta. A 1928, Paul Dirac na Jami'ar Kambirij a Ingila ya rubuta wata ƙa'idar lissafi da ke bayyana halin elektiron idan yana gudu kusa da gudun haske. Ƙa'idar ta yi aiki fiye da zato, sai dai amsa biyu take bayarwa, kamar yadda 2 sau 2 ke ba da 4, kuma 2 mai alamar ɗebewa in an ninka shi da kansa shi ma 4 zai bayar. Da wani ne, da ya yar da amsa ta biyun ya ce shirme ce. Dirac ya ƙi. Da farko ya ɗauka furoton take nufi, sai Hermann Weyl da Robert Oppenheimer suka nuna hakan ba zai yiwu ba, don furoton ya ninka elektiron nauyi kusan sau 1,836. A 1931 ya fito fili ya ce lallai akwai wata sabuwar ƙwaya da ba a taɓa gani ba. Shekara ɗaya tak, hoton Anderson ya gaskata shi, alhali Anderson ba maganar Dirac ya fita nema ba. Dirac ya karɓi kyautar Nobel a 1933, Anderson a 1936.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1955, Emilio Segrè da Owen Chamberlain da abokan aikinsu suka samar da kishiyar furoton a Berkeley, shekarar da ta biyo baya aka samu ta niyutiron. Yau an tabbatar cewa ƙwayoyin da suka haɗu suka gina dutse da ruwa da jikin mutum, kowacce tana da abokiyar tagwaitakarta: nauyi ɗaya, caji kishiya. Idan biyun suka haɗu, ba faɗa suke yi ɗaya ta ci ɗaya ba. Dukkansu ne ke ɓacewa, nauyinsu kakaf ya koma makamashi.

Wannan ɓacewa ita ce ta ja wa kishiyar zarra sunan da ba nata ba. Marubuta da masu fina-finai sun mayar da ita bam da man jirgin taurari. A littafinsa na Angels & Demons, wanda ya fito a 2000 aka kuma mayar da shi fim a 2009, Dan Brown ya sa an saci gwangwaninta daga CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi da ke kusa da Jeneva, don a tarwatsa fadar Fafaroma. A takarda, lissafin yana da ban tsoro da gaske: giram ɗaya na kishiyar zarra in ya haɗu da giram ɗaya na zarra, ƙarfin da zai fita ya kusa ninka bam ɗin Hiroshima sau uku. Amma a ina za a samo giram ɗin? Ba a haƙo ta a ƙasa kamar kwal ko yuraniyom. Ƙwaya-ƙwaya ake ƙera ta, wutar da ake ƙonawa wajen ƙerawar kuma ta ninka abin da za a samu sau miliyoyi. In an tara duk kishiyar furoton da aka taɓa yi a CERN da Fermilab ta Amurka tun farko, ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Da irin saurin da ake samar da ita yanzu, giram ɗaya sai an yi biliyoyin shekaru. Duk wanda ke tallata ta a matsayin maganin matsalar wutar lantarki, ko dai bai yi lissafin ba, ko kuwa yana wasa da hankalin mutane.

Abin takaici shi ne yadda wannan tatsuniya ta rufe labarin gaskiya, wanda ya fi ta daɗi nesa ba kusa ba. Kishiyar zarra tana aiki a asibiti kowace rana. A ɗakin hoton da ake kira PET, ana sa majinyaci ya yi azumin 'yan sa'o'i, sannan a yi masa allurar wani irin sukari da aka liƙa wa sinadarin fulorin-18. Ma'aikaciyar jinya za ta ce, “Baba, a kwanta a huta, kada a yi ta motsi,” a bar shi kamar sa'a guda. Ƙwayoyin ciwon daji sun fi sauran jiki haɗamar sukari, don haka can allurar ke taruwa. Fulorin ɗin yana fitar da fozitiron, wanda ba ya wuce tafiyar milimita ɗaya ko biyu a cikin tsoka kafin ya gamu da elektiron. Nan take su ɓace, su bar ɗigon haske biyu masu ƙarfi, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma a kan layi ɗaya. Zoben na'urar da ke kewaye da majinyacin yana kama su biyun a lokaci guda, kwamfuta ta ja layi tsakaninsu, daga miliyoyin irin waɗannan layuka a fitar da taswirar inda cutar ta yi sheƙa. Michel Ter-Pogossian da Michael Phelps da Edward Hoffman na cikin waɗanda suka gina na'urorin farko a birnin St. Louis a shekarun 1970.

Akwai dalilin da ya sa wannan hoto ke wuyar samu a ƙasashenmu, har majinyata da yawa sai sun dangana da Masar ko Indiya. Ba tsadar na'urar kaɗai ba ce. Fulorin-18 yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan kusan minti 110, cikin sa'a biyar da rabi saura kashi ɗaya cikin takwas. Ba magani ba ne da za a yi odarsa ta jirgin ruwa a jibge a sito. Dole a kafa injin da ke samar da shi kusa da asibitin, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ƙwararrun da za su kula da shi. Ƙasar da ta raina ilimin fiziks, ta ɗauke shi aikin marasa abin yi, a gadon asibiti take biyan kuɗin rainin.

Ita kanta halitta tana samar da fozitiron ba tare da injin kowa ba. Ayaba tana ɗauke da ɗan sinadarin fotasiyom-40, wanda jefi-jefi yake fitar da shi, kusan ƙwaya ɗaya a cikin sa'a da 'yan mintoci. Jikin mutum ma haka. A Disamban 2009, tauraron ɗan'adam na Fermi yana shawagi a saman Masar ya ci karo da ambaliyar fozitiron da wata tsawa ta harba daga sararin Zambiya, tazarar kusan kilomita 4,500. Amma duk waɗannan ɗigo-ɗigo ne, da an haife su suke mutuwa. A nan ne babbar tambayar ta taso, wadda ita ce ainihin dalilin da ya sa gwamnatoci ke zuba kuɗi a wannan fage.

A duk gwajin da aka yi, idan makamashi ya rikiɗe ya zama ƙwayoyi, biyu-biyu suke fitowa: zarra ɗaya, kishiya ɗaya. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce, sararin samaniya ya faro ne daga wani yanayi na matsanancin zafi da matsi. In ƙa'idar biyu-biyu ta yi aiki a lokacin ba ragi ba ƙari, da ɓangarorin biyu sun cinye juna, babu abin da zai saura sai haske. Ba tauraro, ba rana, ba ƙasa, ba mai yin tambayar. Ga shi kuwa akwai su.

An auna yawan ƙwayoyin zarra da ke sararin samaniya, an gwama da yawan ɗigon hasken da ya rage tun wancan zamani, sai aka ga kowace ƙwaya ɗaya tana da ɗigon haske fiye da biliyan. Ma'anar wannan ita ce, cinye junan ya faru da gaske, amma da ɗan rara. Kamar ɗan kasuwa ne da ake binsa bashin naira biliyan ɗaya, shi kuma jarinsa naira biliyan ɗaya da naira ɗaya. Da aka yi lissafi aka biya kowa, naira ɗaya ta rage a hannunsa. Duk taurarin da ido ke gani da waɗanda ba ya gani, da wannan naira ɗayan aka gina su. Mai imani ba ya shakkar Wanda ya nufi hakan. Abin da masanin fiziks ke nema daban ne: ta wace hanya, a ƙarƙashin wace ƙa'ida, rarar ta samu.

Wani zai ce, to ko kishiyar zarrar tana can wani lungu, ta gina nata taurarin? Tambaya ce mai ma'ana, don hasken tauraron kishiya ba zai bambanta da na tauraron zarra ba. Duniyar wata dai an taka ta a 1969 ba abin da ya fashe, na'urori sun sauka a duniyar Mirrihi lafiya. Can nesa kuwa, da akwai yankunan kishiya, da iyakarsu da yankunan zarra ta riƙa walƙiya da hasken gama mai ƙarfi, saboda sararin da ke tsakanin taurari ba fanko ba ne ƙwarai. An duba, ba a gani ba. Tun watan Mayun 2011 aka liƙa wata na'ura mai suna AMS, mai nauyin kusan tan bakwai, a jikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Samuel Ting. Ta tace biliyoyin ƙwayoyi, ta ga fozitiron fiye da yadda aka zata, amma ba ta kawo hujjar da ta tabbatar da wata duniyar kishiya ba.

Wanda ya fara shimfiɗa matsalar yadda ya kamata shi ne Andrei Sakharov, mutumin da ya taimaka wa Tarayyar Sobiyat ta ƙera bam ɗin haidurojin, daga baya ya koma mai kare haƙƙin ɗan'adam har ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1975. A wata gajeriyar maƙala ta 1967 ya ce sai sharuɗɗa uku sun cika kafin rara ta samu. Dole a samu hanyar da adadin zarra zai ƙaru ba tare da na kishiya ya bi shi ba. Dole dokokin halitta su nuna ɗan fifiko tsakanin biyun. Dole kuma abin ya faru a lokacin da sararin samaniya ke sauyawa da sauri, yadda abin da aka ƙulla ba zai samu damar warwarewa ba.

Sharaɗi na biyu ne ya fi cin lokacin masu bincike, don shi ne aka fi iya gwadawa. Shekara uku kafin maƙalar Sakharov, James Cronin da Val Fitch sun gano a Brookhaven, kusa da birnin New York, cewa wata ƙwaya mai suna keyon tana karya ƙa'idar daidaito tsakanin zarra da kishiyarta kusan sau biyu a cikin dubu. Abin ya girgiza masana, don an ɗauka halitta ba ta da son kai a wannan fanni. A 1973, Makoto Kobayashi da Toshihide Maskawa na Japan suka nuna cewa fifikon zai fito da kansa a lissafi in har ƙananan ƙwayoyin da ake kira kwak iri shida ne. Uku kaɗai aka sani a lokacin. Aka bi aka gano sauran ukun ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a 1995. A 2001, gwaje-gwajen BaBar a Amurka da Belle a Japan suka ga fifikon a wata ƙwayar daban, daidai yadda mutanen biyu suka hango. Gwajin LHCb na CERN ya ƙara gano shi a 2019, sannan a watan Maris na 2025 ya sanar da ganinsa karon farko a dangin ƙwayoyin da furoton da niyutiron suka fito, bambancin kimanin kashi 2.5 cikin 100.

Nasarori ne na gaske, amma ba su biya bukata ba. Duk fifikon da aka gano ya dace da Daidaitaccen Tsari, wato ƙa'idar da ta tattara abin da aka sani game da ƙwayoyi, in kuwa aka yi lissafi da shi, rarar da zai haifar ta gaza wadda ake gani sau miliyoyi masu yawa. Ƙa'idar da ta hango ƙwayar Higgs kusan shekara 50 kafin a gan ta a 2012, wadda ta ci kusan kowace jarrabawa da aka yi mata, ta kasa bayanin dalilin da ya sa akwai ƙasar da ake takawa. Ya kamata a riƙa faɗa wa ɗalibai wannan ƙarara. Littattafan makaranta suna koyar da kimiyya kamar an gama ta an rufe, alhali ga rami a tsakiyar ɗakin, manyan masanan kuma ba sa ɓoye shi.

A gefen babban zoben CERN mai tsawon kilomita 27, kusa da birnin Jeneva, akwai wani zaure da ba ya samun rabin hayaniyar da zoben ke samu. Ana kiransa masana'antar kishiyar zarra. Ko'ina a cibiyar ƙoƙari ake a ƙara wa ƙwayoyi gudu, a nan kuwa rage musu ake yi. Ana harba furoton a kan ƙarfen iridiyom, a tsince kishiyar furoton daga tarkacen, a bi da ita ta zobe biyu har ta lafa, sannan a haɗa ta da fozitiron a samu kishiyar haidurojin. A 1995 aka fara yin ta, ƙwaya tara kacal, kowacce ta ɓace cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Matsalar a fili take: wane mazubi za a zuba abin da ke ɓacewa da zarar ya taɓa bango? Sai aka yi mazubi marar bango. Ana zuƙe iskar bututu ƙaf, a sanyaya shi zuwa dab da ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da sifili, a bar ƙarfin maganaɗisu ya riƙe ƙwayoyin a tsakiya suna reto. A 2010 tawagar ALPHA ta kama 38. A 2011 ta riƙe wasu na daƙiƙa 1,000, sama da minti 16. Tawagar BASE kuwa ta adana kishiyar furoton har kwana 405.

Me suka samu? An haska wa kishiyar haidurojin hasken leza, ta amsa daidai yadda haidurojin ke amsawa, zuwa kashi biyu cikin tiriliyan. BASE ta gwama caji da nauyin furoton da na kishiyarsa a 2022, ba ta ga bambanci ba har zuwa kashi 16 cikin tiriliyan. Sai tambayar da ta daɗe tana yawo: in an saki kishiyar zarra, ƙasa za ta faɗo ko sama za ta yi? Ƙa'idar Einstein ta ce ƙasa, yawancin masana ma haka suka zata, amma gani ya kori ji. Tawagar ALPHA, ƙarƙashin Jeffrey Hangst, ta miƙar da tarkonta tsaye, ta tara ƙwayoyi kamar ɗari-ɗari, ta sassauta maganaɗisun sama da na ƙasa a hankali, tana ƙirga inda kowacce ta fita ta ɓace. Kusan takwas cikin goma ta ƙasa suka fita, adadin da ake tsammani daga haidurojin na gama-gari. An wallafa sakamakon a Satumban 2023.

Mai gaggawa zai ce an yi shekara kusan 30 ana wahala don a ce “babu bambanci”. Wannan karatu ne na kuskure. Kafin 2023 akwai masu ra'ayin cewa zarra da kishiyarta suna tunkuɗe juna, wai shi ya raba su tun farko. Gwajin ya rushe wannan zato. Kowane awo da ya dawo daidai yana toshe wata hanya da ake ɓata lokaci a kanta. Kuma tarihin fagen ya nuna inda ake tsintar abin mamaki: Cronin da Fitch ba su shiga ɗakin gwaji da tsammanin karya wata ƙa'ida ba, tabbatar da ita suka je yi da awo mafi kyau.

Maganar kuɗi kuwa ba abin kunya ba ce, dole a yi ta. CERN na son haƙa sabon zobe mai tsawon kusan kilomita 91, wanda aka ƙiyasta matakinsa na farko zai ci faran na Suwizalan biliyan 15. Masu suka irin su Sabine Hossenfelder ta Jamus suna cewa babu tabbacin zai gano wani sabon abu, kuma suna da hujja, don babban zoben na yanzu, bayan Higgs, bai kawo sabbin ƙwayoyin da aka yi ta alkawari ba. Masu kare aikin sukan tuna wa mutane cewa a CERN ne Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989. Gaskiya ne, amma ba hujja ba ce mai ƙarfi, don ba wanda zai iya yin alkawarin irin wannan tsintuwa sau biyu. Hujjar da ta fi tsayawa ita ce tambayar kanta ta cancanci amsa. In kuwa haka ne, bai kamata ƙaton inji ɗaya ya lashe kasafin da ƙananan gwaje-gwajen awo ke rayuwa a kai ba, tunda su da ɗan abin da ake ba su suke kaiwa ga lamba ta goma sha ɗaya bayan ɗigo.

Inda idanu suka fi karkata yanzu shi ne niyutirino, ƙwaya marar caji, mai ɗan mitsitsin nauyi, wadda tiriliyoyinta ke ratsa jikin mutum kowace daƙiƙa daga rana ba tare da ya ji ba. A 1986, Masataka Fukugita da Tsutomu Yanagida suka kawo shawarar cewa rarar ta faro ne daga wasu manyan dangin niyutirino da suka rayu a farkon zamani, sannan ta gangaro kan sauran ƙwayoyi. Ba a iya ƙera waɗannan manyan a kowane inji, amma ana iya duba ko ƙananan suna nuna fifiko. Niyutirino iri uku ne, yana kuma rikiɗa daga wani iri zuwa wani a kan hanya. Gwajin T2K yana harba shi daga Tokai, a gaɓar gabashin Japan, ta cikin ƙasa zuwa wani tankin ruwa da ke ƙarƙashin dutse a Kamioka, tafiyar kilomita 295, sannan a juya a harba kishiyarsa a ga ko rikiɗar ta zo ɗaya. A 2020 suka ba da rahoton alamar bambanci, sai dai ba ta kai ƙarfin da za a kira ta tabbaci ba, gwajin NOvA na Amurka kuma bai ba da hoto iri ɗaya sak ba.

Don a raba gardama ake gina manyan na'urori biyu. Japan tana gina Hyper-Kamiokande, tanki mai cin ruwa kusan tan 260,000. Amurka tana gina DUNE, inda za a harba niyutirino daga Fermilab kusa da Chicago zuwa wata tsohuwar mahaƙar zinariya a jihar Dakota ta Kudu, nisan kilomita 1,300, a tare shi da tankunan ruwan sinadarin argon kimanin kilomita ɗaya da rabi a ƙarƙashin ƙasa. Bayan an kunna su, za a yi shekaru ana tara ƙwayoyi ɗaya-ɗaya kafin adadin ya isa a yanke hukunci. Ko sun ga fifikon, ba zai zama hujja kai tsaye cewa shi ya haifar da rarar ba. Zai dai ƙarfafa shawarar Fukugita da Yanagida ƙwarai. In kuma ba su gan shi ba, shawarar za ta raunana, masana su ƙara matsa wa sauran wuraren da ake zargi, ciki har da awon siffar niyutiron da ake yi a Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan.